Sifili a Katin Malam Gambo

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabon da in taka ƙasar Kano, kuma a cikinsu babu asubar da ban ambaci sunanki a addu'a ba. Ina gaishe ki, Ummina, gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan mahaifiyarsa. Ina gaida Innarki da ƙannenki da duk mai shiga gidanmu na Kwaciri da alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Ni ma lafiya lau nake, in aka ɗebe ciwon baya da idon da ya soma gajiya da kallon kwamfuta. Alhamdu lillahi.

Innarki ta gaya mini ranar Asabar za ki tafi Gombe ki kama aiki a ɗakin kati na asibiti. Na ɗauki waya zan kira ki, na ajiye. A waya sai ki ce "To, Baba," ni kuma in ji daɗin muryarki in fasa faɗin abin da na kira dominsa. Haka na yi ta yi duk shekarun nan. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton shafukan in turo miki. Akwai maganar da na yi wa wani mutum alkawarin zan gaya miki kafin ki zauna a kujerar aikin nan, ga shi kwanakin sun ƙare mini. Wataƙila in kin gama karantawa girmana ya ragu a idonki. Na yarda da hakan. Amma ki yi haƙuri in faro daga farko, don in ba haka ba, ba za ki gane yadda mutum mai salla da azumi yake kai kansa inda na kai kaina ba.

Aikinmu kin karanta shi a makaranta, kin ma fi ni sanin sabbin littattafansa. Ga dai yadda ni na gane shi. Likita yana rubuta abin da ya sami jiki: karaya, ƙuna, yanka. Mu kuma mu mai da shi lamba, don a iya ƙirgawa, a iya nemowa. In rauni ne, lamba ɗaya ba ta isa. Sai an ƙara wata mai faɗin yadda abin ya faru, faɗowa daga tsani ne, ko babur ne ya buge mutum, ko tafasasshen mai ne ya zubo masa. A ƙarshenta kuma a liƙa ƙwayar lamba guda mai faɗin wurin. A littafin da muka yi aiki da shi, sifili gida ne, huɗu titi, biyar kasuwa da shago da sito, shida masana'anta da wurin gini, bakwai gona. Tara kuwa tana nufin ba a san wurin ba.

Da tara na fara lalacewa. Lokacin da aka ɗauke ni aiki a wani asibiti tsakanin Fagge da Sabon Gari, katunan sukan taru a gabana har ba na hango ƙofa. Likitocinmu kuwa rubutunsu gajere ne, "ya faɗi," "ya ƙone," shi ke nan. Sai na gano cewa in na sa tara, babu mai tambayata, kuma ina tashi kafin la'asar. Shugabarmu wata mata ce mutuniyar Zariya, Madam Rifkatu, tana zaune a Sabon Gari. Gajera ce, tabarau a kan hanci, ba ta ɗaga murya. Wata safiya ta baza katunana a tebur kamar mai tallan goro.

"Malam Bukar, zo ka taya ni gani. Wannan tara. Wannan tara. Wannan ma tara. Mutanen Kano a sararin sama suke karyewa ne?"

Na ce, "Madam, likita bai rubuta wurin ba."

"Likitan ya yi hijira? Ga shi can a baranda yana cin gyaɗa. Mara lafiyar kuma yana gado na shida, bakinsa lafiya lau, ƙafa ce ta karye."

Daga ranar sunana ya koma Malam Tara, har masu shara da shi suke gaishe ni. Na ji haushi, amma ban daina ba, na dai rage. Abin da ya sa na daina daban ne. Wani dattijo shugaban telolin wani layi a Fagge ya zo ofishinmu da rawaninsa. Ya ce mutanensa suna yawan ƙonewa wajen zuba wa janareta mai yana kunne a bakin shago, yana son takarda daga asibiti da zai nuna musu a taro, don su kafa doka a tsakaninsu. Madam ta ce in ɗauko. Na ɗauko. Ƙuna tana nan birjik, amma babu ko ɗaya da ta ce a shago, duk tara. Dattijon ya juya takardar, ya sake juyawa, ya miƙo mini.

"To," ya ce, "ashe mu ba mu ƙone ba."

Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta koma kan aikinta. Da ma ta zage ni.

Saboda haka, Ummi, kada ki sa tara sai in da gaske babu wanda ya sani, sai in mutum ya zo a sume kuma babu wanda ya rako shi. Na san yanzu kwamfuta za a ba ki, kuma ita ma malalaciya ce kamar ubanki, "ba a sani ba" ne yake fara fitowa a jerinta. Ki wuce shi. Ki tashi daga kujera.

Tambayar ma sai an koya. Mutanenmu in kika ce yaya aka yi, amsar ɗaya ce: "Tsautsayi ne." Gaskiya suka faɗa, amma tsautsayi ba shi da lamba. Kada ki tsaya a kan mutum da biro a hannu kamar 'yar sanda. Ki ja kujera, ki yi masa sannu, ki tambayi kwanan jiki, ki tambayi mai jinya ko ya samu ya runtsa. Sa'an nan ki ce, "Baba, kana ina lokacin? Me kake yi?" Za ki sami abin da ni ban samu ba, don mata za su gaya miki abin da ba za su gaya wa namiji ba. In kin ji, ba ke za ki rubuta a katin ba. Ki kai wa likita ya rubuta da hannunsa ya sa hannu, sa'an nan ki ɗora lamba a kan rubutunsa. Kuma ki lura, a wurarenmu gida da wurin sana'a sukan cakuɗe. Mace tana suyar awarar sayarwa a zaure, tela ya kafa keke a soro. In wurin gida ne ki sa gida, amma ki roƙi likita ya ƙara layi ɗaya cewa sana'a ake yi. Layin nan zai yi wa wani rana.

Da na iya tambaya, sai kuma na fara ganin na wuce tambaya. Wata Hajiya tsohuwa ta zo da ƙuna a ƙauri. Na duba shekarunta, na duba ƙunar, na ce wannan ai ruwan zafi ne a madafa, har na ɗauki biro. Allah Ya sa na bi ta ɗakinsu don wani katin, na ce, "Sannu Hajiya, tukunya ce ta kife?" Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wace tukunya? Ni rabona da murhu tun kana goye, surukai uku gare ni. Salansar ɗan acaɓa ce, a Titin Ibrahim Taiwo, garin sauka."

Matan ɗakin suka yi ta dariya har wata da likita ya yi wa ɗinki tana riƙe cikinta. Kada ki yi zato, Ummi. Kallon mutum ba ya gaya miki inda ya ji ciwo.

Waɗannan duka kurakuran ƙuruciya ne, ina faɗa ina murmushi. Wanda ke tafe ba kuskure ba ne, da sanina na yi.

Kin san Malam Gambo mai wankin hula na bakin layinmu, wanda kike kai wa hulunana tun kina 'yar firamare, yana ba ki alewa yana ce miki 'yar likita. Kin taso kin gan shi da sanda, ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta. Ba haka aka haife shi ba. Lokacin da na san shi ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake ɗaukar dilar atamfa. Yana aiki a siton wani ɗan kasuwa a bayan Kasuwar Sabon Gari, Alhaji Modu, Allah Ya jiƙansa. Alhaji Modu ɗan garinmu ne. Shi ya sauki kakanki lokacin da ya zo Kano daga Borno ko Hausa bai iya sosai ba, shi ne kuma wakilina ranar da aka ɗaura aurena da Innarki. Ban taɓa zama a kujera a gabansa ba.

Wata Laraba da hantsi, ana saura kwanaki kaɗan salla, Alhaji ya kawo Malam Gambo asibitinmu a motarsa, ƙashin cinya ya karye daga can sama kusa da ƙugu. Likita ya rubuta cewa ya faɗo daga sama, bai ƙara komai ba. Bayan azahar sai ga Alhaji a tagar ɗakin kati, wurin da bai taɓa zuwa ba. Ya yi mini magana da yaren gida, ƙasa-ƙasa.

"Bukar, ɗana. Mutumin nan a gida ya faɗi, yana gyaran rufi. Ka ji ko? In takarda ta ce sito, mutanen ofis za su zo su yi ta auna mini tsani, su rufe mini wuri a tsakiyar cinikin salla. Ni zan yi masa komai. Magani, abinci, iyalinsa, duk a wuyana. Ka taɓa jin na yar da nawa?"

Ban taɓa ji ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba."

Duk da haka ƙafata ta saba, na tafi ɗakin da aka kwantar da shi. Na ja kujera, na yi masa sannu, na ce, "Malam Gambo, a ina abin ya faru?"

Ya dubi ƙofa, ya dube ni. "Wa ke tambaya, kai ko takarda?"

Na ce, "Ni."

"In kai ne, a sito ne. Tsanin da muke hawa sama da shi, matakala ta uku daga ƙarshe ta daɗe da karyewa, da igiya muka ɗaure. Ina da dila a ka. In kuma takarda ce, Alhaji ya ce a gida."

"Kai me kake so a rubuta?"

Ya yi 'yar dariya, zafi ya katse ta. "Malam, ni a ɗakin haya nake. Rufin ma ba nawa ba ne balle in hau gyara. Amma Alhaji ubangidana ne, ba zan tona masa asiri ba. Kai ne mai ilimi. Ka rubuta abin da ba zai cuce ni ba."

Na tashi daga nan na sami likita na ce na tambaya, a gida ne, yana gyaran rufi. Likitan ya san ni da bin diddigi, bai ko ɗago kai ba, ya rubuta ya sa hannu. Na koma tebur na sa lambar faɗowa daga tsani, wannan kam gaskiya ce. A ƙarshenta inda biyar ya kamata ta zauna, na sa sifili. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauke ni ba. A raina ina cewa na rufa wa dattijo asiri, kuma babu wanda na cuta tunda za a yi wa mara lafiya komai.

Kada in ci haƙƙin mamaci: Alhaji Modu ya cika maganarsa. Ya biya aiki, ya biya magani, da Malam Gambo ya tashi da sanda ya ba shi kujera a bakin sito yana lura da masu shiga da fita, ba a rage masa komai ba. Abin da ni da Alhaji ba mu sa a lissafi ba shi ne Alhaji mutum ne. Bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinSa. Magada suka sayar da siton, sabon mai shi ya ce ba ya bukatar mai gadi da sanda. Wani ya gaya wa Malam Gambo cewa wanda ya nakasa a bakin aiki yana da haƙƙin diyya, ya nemo rahoton asibiti. Likitan da ya duba shi ya daɗe da barin wurin. Wanda ya gaje shi ya buɗe kati ya kwafi abin da ya gani. A gida, yana gyaran rufi.

Malam Gambo ya zo tagata da safe, layi ya miƙe a bayansa.

"Malam Bukar, an ce takarda ta ce a gida na faɗi. Ka gaya musu mana. Kai kaɗai na gaya wa."

Kina da shekara biyar lokacin, Innarki tana da tsohon ciki. Na hango korar aiki, na hango 'yan garinmu suna cewa Bukar ya tona asirin mamaci. Na ce masa, "Malam Gambo, abin da ke cikin kati ke nan. Ba ni da ikon canzawa."

Ya naɗe rahoton ya sa a aljihu. Sa'an nan ya ce, "Haka ne. A gaida gida." Ya juya da sandarsa, na bayansa ya matso ya miƙo katinsa, na karɓa.

Madam Rifkatu tana bayana, ta ji komai. Da layi ya ƙare ta rufe taga da kanta. Ranar ce kaɗai ta kira ni ba tare da Malam ba.

"Bukar, ni na koya maka zuwa ka tambaya. Ban san sai na koya maka abin da ake yi da amsa ba." Ta cire tabarau ta goge. "In ka rubuta gaskiya yau, zan sa hannu a ƙasan naka, mu tafi wurin shugaban asibiti tare. Za a hukunta ka, amma ba na jin za a kore ka."

Na ce zan yi tunani. Na yi ta tunani har lokacin neman haƙƙin ya wuce.

Ki duba da kyau, Ummi, sau uku aka buɗe mini ƙofa. A bakin gadonsa, a taga, da kuma gaban Madam. Na farko zan iya cewa kunyar babba ce. Na biyu da na uku tsoro ne kawai, ba shi da wani suna. Abin da nake so ki riƙe shi ne, wanda zai roƙe ki ki karkata lamba ba mugu ba ne da za ki gane shi daga nesa. Mutumin kirki ne, wanda ya yi wa gidanku alheri, zai zo da murya mai taushi, kuma dalilinsa zai yi kama da gaskiya. Mun tarbiyyantar da ke da cewa "to" ga manya, kuma ban yi nadama ba. Amma a bakin tagar nan ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne da zan bayar." Alkawarin mutum yana tafiya tare da shi kabari, kati kuwa yana nan a kan kanta, shekara ashirin yana faɗin abin da kika sa shi ya faɗa.

Da Malam Gambo ya kafa wankin hula a bakin layinmu, na canza hanyar zuwa masallaci. Ke nake aika da huluna. Kin zaci don ina son ki saba da aike ne. Ba na iya haɗa ido da shi ne. Da aka sami hanyar aikin nan na ƙasar Larabawa, na gaya wa kowa don karatunku zan tafi. Akwai wannan. Akwai kuma cewa a nan babu bakin layin da zan kauce wa.

Zuwana gida na ƙarshe, lokacin da kika sami gurbin karatu, na ji kin ce wannan fannin kika zaɓa saboda ni. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. A rana ta uku na ɗauki hula ɗaya da hannuna na tafi wurinsa da safe. Yana zaune ya jera huluna a kan itatuwan da yake kafa su, yana shafa sitati. Na tsuguna na faɗi duk abin da na zo da shi, ban rage ba. Bai daina aikinsa ba sai da na gama.

"Malam Bukar, tashi ka hau benci, kada mutane su ce bashin wanki ka ci." Na hau. Ya ce, "Shekara nawa ina jiran hular nan ta zo da mai ita. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Akwai shekarar da in na ga yarinyar nan da hulunanka sai in ji kamar in jefa su a kwata. To ita me ta yi? Daga baya na duba, ni ma ai da aka tambaye ni a gaban Alhaji, a gida na ce. Kai ka ji tsoro, ni na ji kunya, Alhaji ya ji ciniki. Na yafe maka tuntuni, kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

Na ce ko akwai abin da zan yi masa. Ya ɗaga hular da na kawo ya duba cikinta.

"Wannan kan naka maiƙo gare shi kamar na mai tuyar ƙosai. Abu ɗaya. An ce 'yar likita aikinka za ta yi. Kafin ta zauna a kujerar, ka gaya mata da bakinka. Ni ba zan gaya mata ba. Ba na son wani ya sake kwanciya a gado ya ce mata kai ne mai ilimi, alhali ba ta san nauyin maganar ba."

Na yi masa alkawari. Washegari na je tsohon asibitinmu. Madam ta yi ritaya ta koma Zariya, amma wanda ya gaje ta ya bar ni na nemo katin. Yana nan, sifilina yana nan kamar jiya na rubuta. Na rubuta bayani na sa hannu aka liƙa a ciki. Ba zai amfane shi da komai ba yanzu, na sani, amma katin ya daina ƙarya. Ke ma in kin yi kuskure, kuma za ki yi, kada ki goge, kada ki kankare. Ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na da, ki rubuta daidai a gefe, ki sa hannu da kwanan wata. Ki yi shi ranar da kika gane, kada ki ce za ki yi tunani.

Zaman nan kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ya gajiyar da ni. Shekara goma sha ɗaya, har yau akwai waɗanda ba su san sunana ba, da sunan ƙasarmu suke kirana. Samarin da na koya wa aiki su ne shugabannina yanzu. Amma in zan faɗi gaskiya, ba a taɓa jinkirta mini albashi ba, ba a taɓa hana ni salla ba, kuma tsarinsu ya fi namu tsauri, har abin da mutum yake yi lokacin da ya ji rauni yana da tasa lambar. Halin mutane ne dai ɗaya ko'ina. Bayan dawowata nan da 'yan watanni aka kawo wani lebura, baƙo kamata, daga wata ƙasar Asiya, bayansa ya taɓu. Wakilin kamfaninsu ya kawo takarda cewa a banɗakin masaukinsu ya zame. Amma ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ta rubuta cewa da almakashi aka yanke masa ɗamarar hawa gini, ga siminti har cikin gashinsa. Wa ke shiga wanka da ɗamarar gini? Na tura wa likita tambaya a rubuce, na ƙi rufe katin. An yi mini magana mai laushi, an yi mai zafi. Likitan ya koma ya tambayi mutumin ta bakin tafinta, ya gyara. Ni kuma aka mai da ni ɗakin tsoffin katuna a ƙarƙashin ƙasa, inda ko taga babu, ina nan har yau. Ban faɗa miki don ki ce Baba jarumi ne ba. Wanda ya kasa a gaban maƙwabcinsa ba zai yi alfahari don ya iya a gaban baƙo ba. Na faɗa ne don ki san abin da ake tsoron bai kai yadda ake zato ba. Ɗakin shiru ne, akwai sanyi, ina cin abincina da daɗi, ina barci kamar jariri. Ban taɓa samun natsuwa irin ta shekarun nan ba, in ban da wannan takarda da na yi ta ɗagawa.

To, ga ta na rubuta. Ina roƙonki abu ɗaya kafin Asabar. Ki je wurin Malam Gambo da safe, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baba ya gaya mini." Kada ki ƙara komai, kada ki ba shi haƙuri a madadina, wannan ba kayanki ba ne. In ya tsokane ki, ki yi dariya. Game da ni kuwa, ba sai kin kira ni da wuri ba. In kina bukatar kwanaki, ki ɗauka. Ko me kika ji a ranki, haƙƙinki ne.

Allah Ya kai ki Gombe lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki da bakin aiki. Allah Ya haɗa ki da shugaba irin Madam Rifkatu, Ya sa ki fi ubanki jin magana. Allah Ya tsare hannunki daga rubuta abin da zuciyarki ta san ba haka ba ne, Ya ba marasa lafiyar da za su bi ta tagarki sauƙi. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa. Ki gaida ta, ki gaida ƙannenki, ki gaida liman da mutanen layi. Allah Ya jiƙan Alhaji Modu da kakanninki, Ya yafe mana baki ɗaya. Allah Ya yi miki albarka, Ummina. Amin.

Mahaifinki,
Bukar

Innarki ta ce in faɗa muku abin da na tara a zaman nan, don kullum ina kaucewa. Ga shi: kwanan hutu tamanin da ɗaya da ban ci ba, tikitin dawowa ɗaya, keken ɗinki ɗaya nata, da littattafai uku da na cika da hannuna a kan aikin nan. Littattafan naki ne, in har kina so bayan kin karanta wannan.